Haruffan Najiba Bakwai

Wata Laraba na yi abin kunya a shagon Malam Maitama kafinta, can bayan kamfanin gurzar auduga a Funtua. Bencin da na zauna a kai yana rawa, sai na miƙa hannu kan teburi na ɗauki wani ɗan guntun katako, na ga an zana masa harafi, ban damu ba, na cusa shi ƙarƙashin ƙafar bencin. Har ina yabon kaina cewa ni ma da an ba ni guduma da na yi suna. Maitama ya ajiye zarto, ya ture ni gefe, ya zaro katakon ba tare da ya dubi harafin ba, ya goge shi da bakin riga. Ya mayar da shi a kife cikin 'yan'uwansa shida.

Taubashina ne, shekara arba'in muna tsokanar juna, amma ranar ban ga fuskar wasa ba.

Katakon na Najiba ne, 'yarsa ta fari. Tana karatu a Zariya ta haɗu a waya da masu koyon Kilingon, wani harshe da aka ƙirƙira saboda fim, babu garin da ake yin sa. Na taɓa ce mata, "Fillancin kakarki ya gagare ki, sai yaren da ko mai unguwa ba shi da shi?" Ta ce, "Baba Sada, ai shi ya sa. In na yi kuskure babu tsohuwar da za ta yi mini dariya."

Ita ta so a yi wasan jera haruffa da harshen, wanda kowa ke riƙe guntaye bakwai yana haɗa kalma a kan allo in layi ya zo kansa. Haruffan kanti ba su yi ba, don wata ƙarar ta Kilingon haruffa uku ne a guntu ɗaya. Ta zauna ta ƙirga wanda ya fi yawa a ƙamus da wanda sai an sha wuya, ta rubuta wa uban, shi kuma ya yanka su ɗari daga ragowar maɗacin wata ƙofa. Duk hutu sai su baje allo. Maitama ba ya jin ko kalma, littafin da ta rubuta masa yake bi da yatsa, yana furtawa kamar mai kakin majina.

Wasan ƙarshe, ita ce da sakawa sai direban motar Zariya ya yi hon. Ta kife haruffanta bakwai, ta ce kada wanda ya taɓa sai ta dawo Juma'a. Motar ba ta kai Giwa ba ta yi hatsari, Najiba ta rasu.

Shekara biyu ke nan. An raba tufafinta, an ba da littattafanta, allon yana nan. Maitama yana buɗe shago, yana yin kujerun makaranta, yana cin abinci in an kawo. Bai yi kuka a gaban kowa ba, bai kuma yi dariya ba. Da safe yakan hure ƙurar katako daga allon, shi ke nan.

Ranar Larabar nan dai, da ya gama mayar da katakon na ce, "Maitama, ni fa na ga harafin. In faɗa maka? Ko ma mu buɗe sauran, a saka mata, wasan ya ƙare ka huta."

Ya ɗauki zartonsa, bai dube ni ba.

"Sada, ni na yanka su. Kowanne na san shi ta baya, da zanen itacensa. Na san abin da ke hannunta, ta cinye ni tun ranar. Amma ita ce da sakawa, ba kai ba. In benci ya dame ka, zauna a ƙasa."