Kwandon Tumatirin Habboba a Kotun Ƙoli

Mun ci, ya jama'a! Kotun ƙoli ta mayar wa Habboba jarfinta, kuma abin da ya ci mana shari'ar kwandon tumatir ne, na kaba, mai facin buhu a gindi. Bari in koma baya, don na san rabinku a gurup shamar ɗin, wato tsegumin, kawai kuka ji, ba ku san tushe ba.

Habboba kakata ce, uwar uwata. Jarf kuma, don ku 'yan birni, ita ce ƙasar bakin kogi da ruwa ke rufewa da damina, in ya janye ya bar baƙar laka mai kyau. Ƙauyenmu na kan kogi, ba nisa da Sinnar, kuma jarfin gadon ubanta ne. Da kakanmu ya rasu yaranta ƙanana ne, ba mai noma, sai ta ara wa wani tsohon maƙwabcinmu mai 'ya'ya da yawa. Ba takarda, ba sa hannu. Wa ke rubuta wa maƙwabci takarda a garinmu? Zagi ne.

Abin da muke yi shi ne kwando. Wanda aka ara wa ƙasa, tumatirin farko da ya nuna, kafin kowa a gidansa ya sa a baki, sai a cika kwando a kai wa mai ƙasa. Ba haya ba ce. Cewa ce kawai, na tuna ta wa ce.

Sai dai akwai wata al'adar da ke zaune a kan wannan: ba a mayar da kwando fanko. Mutane na jefa ɗan gishiri ko gyaɗa tafin hannu, khalas. Habboba kuwa in ta karɓi kwando sai ka ce aurar da shi za ta yi. Garin busasshiyar kuɓewa, wato weka, gyaɗa, kisra mai zafi, gurasar nan tamu ta dawa, wani lokaci har da sukari. Uwata kan ce a duk bakin kogin nan mu kaɗai ne masu ƙasar da ke faɗuwa ranar girbi.

Tsohon ya rasu, Allah ya jiƙansa, ɗansa ya ci gaba da noma. Kwando ya riƙa zuwa, ya fara ramewa, sai a 'yan shekarun nan ya daina. Habboba ba ta tambaya ba, wai kunya. Ana nan Kawu, ƙanen uwata, ya dawo daga wajen haƙar zinare da tari, da na'urar neman zinaren da ta fi shi gajiya, ga mata ga yara, ba gona. Habboba ta aika cewa bayan girbi tana son ƙasarta. Amsar da ta zo sammaci ne. Ɗan maƙwabci ya riga mu zuwa kotu, wai jarfin na hannunsu tun ba a haife shi ba, kuma doka ta ce wanda ya daɗe riƙe da ƙasa ba mai jayayya, tasa ce.

Ranar zaman farko na tsere wa lacca na raka ta, ni ce mai riƙe jaka da waya. Mun ɗauki lauya mace a Sinnar, Ustaza muke ce mata, kuma ta yi wa Habboba bita tun a raksha, keken nan mai ƙafa uku: ki ce aro ne, ki ce kwando shaida ce, ki tsaya nan. Habboba ta ce tamam.

Alƙali ya tambaye ta da Larabci ko suna biyanta haya. Habboba na jin Larabci sarai, amma in ranta ya ɓaci Hausa ke fitowa.

"Haya? Ni in amshi haya hannun maƙwabci? Allah shi kiyashe ni."

Aka tambaye ta kwandon fa. Ta ce ai zumunci ne. Daga nan, ba wanda ya roƙe ta, ta shiga lissafa wa kotu abin da take zubawa a ciki in za ta mayar, tana gyara zama, tana kallon 'yan kallo don su san ita ba matsiyaciya ba ce. Ta kai kan sukari Ustaza ta kifa goshi a kan fayil. Ni kuma ina rubuta wa gurup ɗin gida: an gama da mu, Habboba ta koma lauyan wancan ɓangaren.

Shi ma ɗan maƙwabci da aka zo kansa ya saki jiki. Yana dariya ya ce ai shi ke ɗaukar kwandon tun yana yaro, kuma babansa kan buge hannun duk wanda ya taɓa tumatir kafin a kai wa Inna, wato Habboba, nata. Ya faɗa ne don a ga yadda gidajen biyu ke ƙaunar juna. Magatakarda ya rubuta, ba wanda ya kula. Hukunci ya fito: kyauta ce tsakanin maƙwabta, wannan ya ba wancan ya rama, ƙasa ta wanda ke riƙe da ita. Muka ɗaukaka ƙara, can ma aka ce haka ne.

Saura kotun ƙoli. Nan fa Habboba ta farka. Ta ce waɗancan yara ne, yanzu za ta je gaban manya, kuma wannan karon ta san abin da za ta faɗa. Ta ji an ce alƙalai uku ke zama, sai ta fara bita gaban awakinmu uku in ta kai musu dusa. Ta tsakiya, mai gemu, ita ce shugaba. Jawabin na farawa daga yadda ubanta ya sare ƙirya a wurin da hannunsa, ya bi ta shekarar da kogi ya cinye rabin garin, ya sauka kan ranar da tsohon ya zo ya durƙusa a zaure yana roƙo. Wallahi jawabi ne mai kyau. Ni kaina na haddace, awaki ma ina jin sun haddace.

Ta sayi sabon tob, lafayar nan tamu, ruwan zuma. Tsofaffin unguwa suka ce duk za su je Khartum shaida, har an yi magana da mai bas, an fara gardamar wa za ta zauna gaba. Wata ta soya gyaɗar hanya. Kwandon ma, da ya kwana a gidanmu tun zuwansa na ƙarshe don ba wanda ya dawo ɗauka, aka wanke shi aka shanya.

Muka je ofishin Ustaza mu ji ranar tafiya, Habboba rungume da kwando. Ustaza ta sa aka kawo mana shayi tukuna, abin da ya sa na san akwai magana. Ta ce babu rana, kuma babu tafiya. Ita za ta rubuta dalilanta, wancan lauyan ya rubuta amsa, a haɗa da duk abin da aka rubuta a kotun farko a aika. Alƙalai ukun su karanta, kowa ya rubuta ra'ayinsa. Ba sa kiran shaidu, ba sa neman wa ya yi ƙarya wa ya yi gaskiya daga fari. Abin da suke dubawa shi ne ko alƙalin ƙasa ya ɗora doka daidai a kan abin da ke gabansa. In ya yi daidai su tabbatar, in ya kauce su rushe, ko su mayar masa ya sake.

Habboba ta ce to a kai ta wajen masu hukunta ɓarayi, ai wannan sata ce da rana tsaka. Ustaza ta ce wannan da'ira, wato sashen kotu, daban ce, ta laifuka, akwai kuma ta wanda hukuma ta taka, tamu ta rigimar mutum da mutum ce, kuma duk cikinsu karatun ne. Habboba ta tura kwandon kan tebur ta ce a sa shi cikin fayil ɗin. Aka ce ba a ƙara sabuwar shaida a can.

"To wanda bai gan ni ba, ƙaƙa za shi san ni ba maƙaryaciya ba ce?"

Ustaza ta kurɓi shayi ta ce, "Hajiya, ai da aka gan ki ne aka kada mu."

Na shaƙe da shayi. Habboba ta harare ni ta ce ke mai waya, in kin rubuta wannan sai na jefa abin nan kogi. Na riga na tura.

Kafin mu fita Ustaza ta ce kar mu damu da kwandon, yana cikin fayil tuntuni, ɗan maƙwabci ne ya sa shi da bakinsa. A lokacin ban gane ba, na ɗauka lallashin tsohuwa take.

Jiran ba daɗi, ba zan yi muku ƙarya ba. Aka sallami mai bas, aka cinye gyaɗar hanya a gida, tob ya koma akwati. Kogi ya cika ya janye, ɗan maƙwabci ya sake dasa tumatir, mu kuma ta nan muke wucewa zuwa ɗiban ruwa. Kawu na bin gonakin mutane yana aikin yini, ya dawo yana tari, matarsa ta fara zancen komawa gidansu da yaran har abubuwa su daidaita. Habboba ta daina yi wa awaki magana. Wannan ya fi komai damuna.

Ina cikin lacca saƙon Ustaza ya shigo, hotunan shafuka. Larabcin kotu ba irin namu na kasuwa ba ne, jimla ɗaya sai ta cinye rabin shafi, amma na tsallaka ƙasa na ga an rushe hukuncin kotunan biyu, an kori ƙararsa. Na tattara littattafaina na fice, malam na kallona, na ce masa uzurin gida.

Abin da suka ce, da Hausar ƙauyenmu: wanda ya shiga ƙasa da izinin mai ita, ko ya shekara nawa, ɗan aro ne. Mutumin da ya faɗa da kansa cewa ba a taɓa tumatir a gidansu sai an kai wa tsohuwa nata, ya riga ya faɗi ta wa ce. Abin da ita ke zubawa a kwandon kuwa alherinta ne, alheri ba ya sayar da ƙasa. Alƙalin farko ya ji maganar daidai, ma'anarta a doka ce ya karkatar.

Na karanta wa Habboba a tsakar gida, ina fassarawa, Kawu na tsugune bakin ƙofa ya rufe fuska da hula. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta tambaya ko sun ambaci weka. Na duba na ce sun ambata, har da sukari.

"Ashe suna karatu," in ji ta.

Da tumatir ya nuna, ran nan da la'asar sai ga sallama. Ɗan maƙwabci ne, da sabon kwando a kai, ya ce Inna ga na farko, ba wanda ya taɓa. Habboba ta ce ya dakata. Ta shiga ɗaki, ta fito cikin tob ruwan zuma, ta zauna kan kujera, ta yi masa jawabin nan kaf, daga saran ƙirya har durƙuson babansa, ko "ya ku manyan alƙalai" ba ta cire ba. Yana tsaye da kwando a kai, awaki na bayansa suna tuƙa. Da ta zo kan babansa ya share ido da kafaɗa.

Ta ce ya girbe abin da ya dasa, daga nan Kawu ya shiga gonar. Harshen ƙasar da ke can bakin ruwa kuma ya ci gaba da nomawa, yana da yara shi ma, amma kwando ya zo kowace shekara. Daga nan ta juye tumatir, ta ce in miƙo mata weka da sukari.

Na ce Habboba, don Allah, wannan ne fa ya kai mu kotu uku. Ta ce manyan ma sun ce alherinta ne, in ban yarda ba in sake karantawa. Na miƙo mata, amma tun tana jawabi na riga na ɗauki hoton kwandon cike da tumatir a kan mutumin, da fuskarsa a ciki, na tura wa Ustaza ta ajiye.

Duk wanda ya karanta, don Allah ya tura wa na gaba, musamman gidan da suka ara wa wani ƙasa a bakin kogi kuma suna da tsohuwa mai kunya.