Mika'ilu da Igiyar Awon Hanya

A Tudun Gawasa, ƙauyen da ke kilomita bakwai daga titin Ɗanbatta, babu wanda ya taɓa satar hanya. Kowa zai iya rantsuwa a kan haka. Abin da dai aka sani shi ne, a zamanin iyayenmu motocin gyaɗa biyu kan wuce juna a kanta ba tare da direbobin sun yi zage-zage ba. Yanzu kuwa idan amalanke ya haɗu da babur, sai ɗaya ya shiga gonar wani.

Mutum ɗaya ne ya san inda hanyar ta tafi, shi ne Mika'ilu mai shanun huɗa.

Karatunsa ya tsaya a aji huɗu na firamare, ranar da mahaifinsa ya lura cewa bijimai sun fi jin maganarsa fiye da yadda shi yake jin ta malamai. Tun daga nan, shekara talatin, shi ke yi wa rabin garin huɗa. Ba shi da surutu. Yana da mata ɗaya, Ramlat, da 'ya'ya biyar, da wata 'yar gona ta gado a bakin hanya wadda idan ka tsaya a gabas ka yi tari, na yamma zai ce maka sannu.

Ga yadda al'adar take. Idan ya kai kunyar ƙarshe ta bakin hanya, mai gona kan matso, ya duba hagu da dama, ya ce, "Malam Mika'ilu, tun da shanun sun riga sun juya, ƙara ɗaya mana." Sai ya ƙara. Kunya ɗaya ba ta kai taku guda ba. Amma gonakin bakin hanya sun fi sittin, damina kuma ba ta taɓa fashi ba.

Ita hanyar tana cikin jerin waɗanda wani shirin gyaran hanyoyin karkara zai yi. Shekararta tara a jerin. Zama cikin jerin nan aiki ne mai zaman kansa. Wata shekara a ce a kafa kwamiti, a kafa. Wata a ce a ƙirga motocin da ke bi ranar kasuwa, a ƙirga, har da wata a-kori-kura da ta yi sawu goma sha ɗaya babu kaya. Bana sai takarda ta zo tsakiyar damina, dawa ta kai ƙirji: duk hanyar da faɗinta bai kai mita goma ba, ko aka tarar da shuka a kanta, za a cire sunanta a sa na wani gari. Babu diyya. Masu dubawa na zuwa nan da mako uku.

Mai unguwa Lawan ya karanta wa jama'a bayan sallar Juma'a. Daga nan kowa ya fara mamakin rashin tsoron Allah irin na maƙwabcinsa.

Mai unguwa ya auno igiya da tef ɗin tela, ya ɗaura kulli a kowace mita, ya danƙa wa Mika'ilu. "Kai ka yi kunyoyin nan," ya ce, "kai ka san adadinsu."

Zargi ya fara tun kafin igiyar ta taɓa ƙasa. Wasu suka ce mutanen Gidan Faru, waɗanda ke bayanmu a jerin, su suka rubuta takardar don mu sare dawarmu a banza. Wasu suka ce an ga Mika'ilu a Ɗanbatta yana shan shayi da wani mai farar hula ta injiniyoyi. Da aka bincika, mai gyaran rijiyar burtsatse ne, amma wannan bai wanke shi ba, domin shi ma ai injiniya ne.

Wanda ya fi ɗaga murya shi ne Ikrima, mai gonar da ke fuskantar ta Mika'ilu, abokin wasansa tun suna yara. Ranar da awo ya zo kansa, ya tsaya ya riƙe ƙugu.

"Tsaya, sarkin awo. Igiyar nan jiƙa ta ka yi?"

"Raɓa ce."

"Raɓa! A gonar Alhaji Jamil ta bushe ta takure, da ta zo gonar talaka ta sha ruwa ta miƙe. Nawa ka ce na ci?"

"Uku."

"Ni? Yaushe?"

"Ɗaya shekarar da ka yi wa Ummi aure. Ɗaya shekarar fari. Ɗaya bara, ka ce kada in gaya wa kowa."

"To ga shi ka gaya wa kowa! Kai fa? Taka gonar a sama take rataye?"

Tambayar da garin duka ke jira ke nan. Domin wurin da hanyar ta fi ƙunci, inda amalanke ke goge ganye ta kowane gefe, tsakanin gonar Ikrima ne da ta Mika'ilu. Mai huɗa ba ya buƙatar roƙon kowa. Nasa huɗu ne, kuma a gona irin tasa kunya huɗu abincin wata guda ne.

Ramlat ta faɗa masa haka ƙarara yana wanke ƙafa a tsakar gida.

"Malam, igiyar a hannunka take. Ka fara awon daga tsakiyar da ta yi maka daɗi. Wa zai sani?"

"Ikrima."

"Ikrima ko ka sare gonar duka zai ce ka ɓoye wata a aljihu."

Washegari da hantsi, lokacin da hanya ta cika da masu zuwa kasuwa, Mika'ilu ya ɗauki adda ya sare kunya huɗu na dawarsa, daga gabas har yamma. Ya ɗaure karan ɗanye ya kai wa bijimansa.

Wanda bai san Tudun Gawasa ba zai ɗauka zancen ya mutu nan. Kafin azahar an gama fassara shi a gindin ɗorawa: babu mai hankalin da zai sare dawarsa da hannunsa sai an biya shi ninki biyu. Saboda haka akwai diyya, kuma shi da mai unguwa sun san inda take. Wannan fassarar ta yi abin da wa'azin liman bai yi ba. Cikin kwana huɗu kowa ya sare nasa, don kada rabo ya zo a tarar da sunansa babu. Ikrima ya sare huɗu maimakon uku, ya sa a shaida.

Masu dubawa suka zo su biyu a farar mota. Suka auna wuri uku, suka ɗauki hoto, suka sha fura a gidan mai unguwa. Bayan wata biyu takarda ta zo: Tudun Gawasa ta cika sharaɗi, tana nan a jerin, ta goma sha huɗu. Bara ma ta goma sha huɗu ce.

Diyya ba ta zo ba, kamar yadda takardar farko ta faɗa. Wannan ya tabbatar wa jama'a cewa an cinye ta.

Da damina ta zagayo, mutum bakwai suka ɗauko mai huɗa daga Gidan Faru. Ikrima dai ya kira Mika'ilu, wai don ya sa masa ido. Da shanu suka kai bakin hanya, ya matso, ya duba hagu da dama.

"Tun da sun riga sun juya..."

Mika'ilu ya zaro igiyar daga aljihu.

"Ka gani ko?" in ji Ikrima. "Har yanzu suna biyanka."

Mika'ilu ya miƙa masa bakin igiyar. "Riƙe nan. Kuma ka taɓa ka ji, a bushe take."