Kitso a Ƙofar Ɗakin Haihuwa

A kan bencin da ke ƙofar ɗakin haihuwa, wata mata tana yi wa ƙaramar 'yarta kitso. Ƙafafunta sun kumbura har silifas ya kwanta a cikin naman, zufa na gangarowa ta bayan kunnenta.

In naƙuda ta taso, sai yatsunta su tsaya cak a cikin gashin, ta runtse ido, leɓunanta na motsi da addu'a. Amma ba ta sakin gashin da ta kama. In ta lafa, sai ta ja numfashi ta ɗora daga inda ta tsaya.

Ungozoma ta leƙo. "Baiwar Allah, shagon kitso kika buɗe mana? Taso, gado na jiranki."

"Saura layi ɗaya, Sista. Ubanta ko mataji bai iya riƙewa ba."

Da gani ba haihuwar fari ba ce. Ta san ƙofar nan, ta san ba kowace mace ke fitowa ranar da ta sa rai ba. Wataƙila shi ya sa take yin kitson ƙanana, a matse, irin mai daɗewa.

"Umma, da zafi," in ji yarinyar.

"Na sani, uwata. Ni ma haka."

Ta ƙarasa, ta shafa kan tun daga goshi har ƙeya, ta miƙa yarinyar ga kakarta, sannan ta dafa bango ta miƙe.

"Kar ki bari kowa ya tsefe miki. Ni zan tsefe da hannuna."