Muryar Kawu Sale a Cikin Taro

Kakata ta wajen uwa, Iya Kande, gumin shinkafa ce sana'arta. A ƙauyenmu da ke tsakanin Kura da Bunkure, in an yi girbin rani gidanmu ba ya rabo da hayaƙi. Bayan magariba takan hura wuta a ƙarƙashin rabin duro, ta zuba jiƙaƙƙiyar shinkafa shanshera, ta rufe da buhu, ta zauna jiran tururi. Wannan jiran shi ne rabonmu, mu jikoki. Sai mu kewaye ta, kwaɗi na ta kuka a kanal ɗin da ya ratsa bayan gida.

Tatsuniyoyinta ba su ƙirguwa, amma akwai labari ɗaya da ba ta buɗe shi yadda take buɗe sauran. Sai dai ta gyara zama, ta ce wannan ba tatsuniya ba ce, kowa ya kama bakinsa.

Wai a zamanin yaƙe-yaƙe an yi wani Sarkin Ƙofa a wani gari mai ganuwa. Rannan da la'asar mahara suka taso. Manoma suka yar da fartanya suka rugo gari, yana tsaye yana duba fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya. Ɗansa guda tilo bai shigo ba, ya tsaya goyon wata tsohuwa da ta faɗi a hanya. Ƙurar dawakai ta matso. In ya jira ɗansa, gari ya ci wuta. Sai ya tura ƙyaure da hannunsa, ya sa sakata. Jim kaɗan yaron ya iso yana bugawa, yana kiran babansa.

A nan muryar Iya ke sauyawa. Takan yi ƙasa da ita har sai mun miƙa wuya.

"Ɗana, na ji ka. Yi ta magana, ina nan, ba inda za ni."

Ya jingina da ƙyauren har bugun ya tsaya. Da gari ya waye ya kai wa sarki mabuɗi, bai ƙara tsayawa a bakin wata ƙofa ba. Iya ba ta fitar mana da darasi. Sai ta miƙe ta ɗaga buhu, ta ce hayaƙi ne ya shigar mata ido.

Sai da na shiga sakandare mahaifiyata ta gaya mini inda labarin ya fito. Wasan kwaikwayo ne na tarihi da wani tsohon malami ya rubuta tun da daɗewa, makarantu da ƙungiyoyi suka yi ta yin sa. A yankinmu kuwa ba a san wani Sarkin Ƙofa ba sai ƙaninta, Kawu Sale ɗan Iya, manomin tumatir. Shekara da shekaru yana fitowa a filayen makaranta bayan girbi, da rawanin aro da ƙyauren kara. Ta ce maza masu gemu na sunkuyar da kai in ya zo wurin nan. Iya kuwa ba ta taɓa fashi ba, har ta haddace.

Da masu shirya fim suka zo daga birni za su mayar da wasan fim, kowa ya ɗauka magana ta ƙare. Kawu ya bar tumatirinsa ya nuna a gona ya bi su. Can aka ce masa mutane fuskar da suka sani suke saye. Aka ba wani sanannen jarumi rawanin, aka roƙi Kawu ya koya masa maganganun, shi kuma aka sa shi cikin taron mutanen gari. Ya koya masa tsakani da Allah. Da ya dawo tumatir ya ruɓe. Bai yi wa kowa ƙorafi ba, bai kuma ƙara hawa dandali ba. Da damina zazzaɓi ya kwantar da shi, ya rasu kafin kaset ɗin ya fito. Iya ta ce kada a shigo mata da kaset ɗin gida.

Na girma, na yi aure a Kano. Wata rana na ci karo da fim ɗin a waya. Na daɗe ina shawara kafin in kai mata. Lokacin yanar ido ta hana ta gani, ta daina gumi, tana zaune a inuwar darbejiya da hantsi. Na gaya mata abin da na zo da shi. Ta miƙo hannu, ta kara wayar a kunne.

Da aka zo wurin ƙyaure, jarumin ya kwarara ihu, kiɗa na tashi a bayansa. Ta girgiza kai, ta ce uban da ɗansa ke bayan ƙofa ba ya ihu, tsoro yake kada ya rasa jin yaron. Sai aka nuna safiya, Sarkin Ƙofa na ratsa taro. Wata murya daga gefe ta ce, "Ku matsa, ku ba shi hanya."

Nan take Iya ta gane muryar Kawu.

"Maido mini wurin nan, Hajara."

Na maido. Na sake maidowa, har na daina ƙirgawa. Can ta tambaye ni ko ya rame, wace riga ce a jikinsa. Ƙeyarsa kawai aka nuna da rabin kafaɗa. Na ce mata yana nan da ƙibarsa, riga fara tas. Ta ce Alhamdulillahi, dama ya fi kyau da fari.

Ina yarinya na ɗauka labarin na koya mana fifita jama'a a kan son zuciya ne. Yanzu ina ganin Iya ba koyarwa take ba. An ɗauki wasan, an ɗauki maganganun, ko sunansa na duba a ƙarshen fim sau biyu ban gani ba. Abin da ba su ɗauka ba shi ne yadda yake faɗa, shi ta yi ta ajiyewa a kunnuwanmu. Ta rasu a shekarar. Nakan ba 'ya'yana labarin, amma duk sanda na zo wurin nan muryata ba ta sauka inda tata ke sauka, kuma babu sauran wanda zai gyara mini.