Ham Mai Mura

Ni dai ban yi nisa a karatu ba, kuma ba mai yawan fita ba ce, amma Allah Ya ba ni kunne. Ina tsakar gidanmu a unguwar Liman Abaji, cikin Keffi, ina tankaɗe, sai in faɗi wadda ke daka a gida na uku, daga jin saukar taɓaryarta kawai. To, da wannan kunnen na auri direba.

Maigidana motar katako yake ja. Ya ɗauko doya da dawa daga Agwada da Gitata, ya kai Kaduna, wani zubin Jos. Ya kwana uku, ya kwana huɗu. A saman kan motar akwai ham na iska, bututu biyu na tagulla, dogo da gajere, igiya ake ja su yi kuka. Lokacin kowane direba da irin kukan motarsa. Nasa, dogon ne ke da siririyar murya, gajeren kuma a ɗan dushe yake, kamar mai mura. Da ya hango Keffi daga gangare sai ya ja sau biyu, ya dakata, ya ƙara ɗaya. Ni kuma in ɗora ruwan wanka.

Tare muke zaune da mahaifiyarsa, Inna. Shi ne ɗanta na fari, ita kuwa 'yar gidan da ba a wasa da kunyar ɗan fari ce. Ba ta taɓa kama sunansa ba. "Mai motar nan" take cewa, shi ma sai ta kama dole. In ya durƙusa a ƙofar ɗakinta yana gaisuwa, ta kau da kai ta ce "Lafiya," shi ke nan. Ba ta tambayar yaushe ya tafi, balle yaushe zai dawo. Ya sha ce mini, da wasa amma ba duka wasa ba, "Ko shekara na yi a hanya, Inna ba za ta san ba na nan ba."

Ni kuwa na san abin da bai sani ba. In yana hanya, tsakurar abinci take yi. Ta zauna bakin ƙofarta tana kaɗi, ido kan mazari, kunne a waje. Da ham ɗin nan ya yi kuka, sai mazarin ya tsaya cak. Can ta ce, "Ke 'yar nan, wai babu sauran tuwon nan ne?" In kawo, ta cinye tas, har ta suɗe kwanon.

Wata damina ruwa ya shiga ham ɗin, ya daina kuka, sai huci kawai. Shekarun nan ne da arzikin mai ya shigo, sababbin motoci suka cika hanya. Maigida ya sayo sabo a Kaduna, mai bututu uku, fari ƙal yana walƙiya, irin wanda direbobi ke yayi. Tsohon kuma ya wurga shi bayan rumbu.

Abin da bai lura da shi ba, kowane direba irinsa ya saya. A wuni ɗaya sai a ji kukan nan sau da yawa daga gangare. Duk wanda aka busa, mazarin Inna ya tsaya, ta saurara ko za a yi sallama, shiru, sai ta ci gaba. Tafiya biyu kacal ya yi, ta zube. Yadda na kai kwano haka nake ɗaukowa. Kuma ba halin ta tambaye ni. Rannan dai ta dubi bango ta ce, "Motocin zamani duk bakinsu ɗaya."

Da ya dawo, na bari ya sa hannu a tuwo, sannan na ce, "Maigida, da ka mayar da tsohon ham ɗinka."

"Mai murar nan? Ke dai ba kya son ci gaba. Ko ruwan wankan ne ya rikice miki?"

"Ba don ni ba."

Na kwashe komai na gaya masa, har da mazarin, har da suɗar kwano. Hannunsa na cikin miya ya tsaya kallona.

"Inna?"

"Inna."

Bai ƙarasa tuwon ba.

Washegari da hantsi ya zo da wani dattijon bakanike daga tasha, mutumin Eggon, Kirista, mai yawan dariya, wanda a Hausarsa mace ma "kai" ce. Suka zauna a zaure, ni ina bayan asabari. Dattijon ya kwance gindin gajeren bututun, sai ga faifan ƙarfen da iska ke kaɗawa tsatsa ta huda shi. Dogon kuma zanzaro har ya gina ɗaki a ciki. Ya tone, ya goge da kananzir, ya yanko sabon faifai, ya ɗaure, ya haɗa da famfon taya. Maigida na takawa, shi yana busawa. Kajina suka watse.

"Uwargida, kai ne alƙali. Ya yi?"

"Dogon ya yi, Baba. Gajeren ne ya cika lafiya."

"Ya cika me?"

"Da can yana da mura."

Ya yi dariya har da buga cinya. "Tun zamanin Bature nake gyara, ba a taɓa ce mini in sa wa ƙarfe mura ba!"

Amma ya kama noti yana sassautawa kaɗan-kaɗan. Na ce ƙara. Ya ƙara. Na ce a'a, yanzu agwagwa ce, mayar. Ya ce wa maigida, "Wannan da tasha kake kawo shi, da mun rasa aiki." Maigida gumi har haɓa, ƙafa kan famfo, bai ko yi murmushi ba.

Duk wannan hayaniya Inna na ɗakinta. Aka sake busawa. Na buɗe baki zan ce ya yi, sai muryarta ta riga ni daga tsakar gida.

"Ke 'yar nan, ba za ki kai wa baƙo fura ba ne? Ai ya gama aikinsa."

Baba bakanike ya ajiye sifana a hankali. Maigida ya juya ya fuskanci bango.

Sabon ham ɗin wani abokinsa ya ba kyauta. Tafiyar da ya yi bayan nan kwana huɗu ce. Ran na huɗun da la'asar muka ji shi daga gangare, biyu, shiru, ɗaya, da murarsa da komai. Mazari ya tsaya. Aka tambayi sauran tuwo.

Da ya shigo ya durƙusa a ƙofarta kamar kullum. Ta kau da kai ta ce, "Lafiya." Ba ta ƙara ko kalma ɗaya ba, kuma har ta koma ga Allah ba ta taɓa ƙarawa ba. Shi dai rannan ya daɗe a durƙushe bai tashi ba, idonsa kan kwanon da ke gefenta, wanda aka suɗe tas.