Hoton kan Yaya a Yamai

Liman bai sallame sallar asuba ba muka bar gida, ni da Yaya da Gwaggo, yayar babanmu. Ƙawayena na aji, kun dame ni da tambayar inda na shiga kwanakin nan. Kun san ba na iya dogon bayani a gaban mutane, shi ya sa na zauna na rubuta muku.

Wanda ya san gidanmu ya san ƙafafun Yaya. Tun tana koleji suka fara sandarewa. A kan 'yan yatsu take tafiya, gwiwoyinta na gogar juna, kuma kullum gaban takalminta ke fara cinyewa. Bara ta bar lise, wato babbar sakandare, saboda yawan faɗuwa ƙasa. An sha kai ta wurin wani wanzami a Ɗan Gulbi yana yi mata lalas, wato ya ɗora mata ƙarfe mai zafi a ƙwauri, wai don jijiyoyin su saki. Ba su saki ba, sai tabo da ya rage. Gwaggo ta dage a sake. Likitan da ya duba ta a Maraɗi kuma ya ce a je Yamai a ɗauki hoto da wata na'ura da ake kira IRM. Baba ya raba gardamar: a je a yi hoton, in bai nuna komai ba, a koma wa wanzami. Yaya kuwa, ranar na ga ta ja zane ta rufe ƙwaurinta.

Baba bai samu zuwa ba saboda aikin gona. Ni kuwa an tafi da ni don in riƙe Yaya, in kuma fassara wa Gwaggo faransanci.

Jajiberin tafiya Gwaggo ta ce ɗiyar gidansu ba za ta miƙa ƙafa gaban likitocin birni tana kaushi ba. Aka goge wa Yaya dugadugai da dutse, aka ƙunsa mata lalle har idon sawu. Aka kira makitsiya ta yi mata ƙananan kitso, ta maƙala 'yan zobban ƙarfe masu ƙyalli a jikin kowace jela. Duk gidan mun ɗauka ƙafa za a ɗauka hoto, tunda ita ke ciwo.

Ƙaramar motar da muka shiga a tashar Dakoro ta cika har ƙofa. Na roƙa wa Yaya gaba da muryar da ni kaina ban ji ta sosai ba, sai Gwaggo ta maimaita da tata, nan take wani dattijo ya sauko ya koma baya. Gari ya waye mana wajen Kornaka. Gero ya kai gwiwa a wasu gonakin, a wasu kuma bai rufe ƙasa ba. A Sabon Maci aka ƙara wata mata da kaji biyu da buhun wake, aka ɗora buhun a kan ƙafata. Na kasa cewa a ɗauke shi har Maraɗi. Da na sauka, ni ma sai da aka riƙe ni.

A Maraɗi muka shiga babbar mota. Matakalarta ta yi wa Yaya tsawo, ƙafarta ta ƙi lanƙwasuwa, mutane na jira a bayanmu. Na tura ta ta baya, Gwaggo ta ja ta ta gaba, wani yana cewa a yi sauri. Da muka zauna Yaya ta juya fuska wajen gilashi, ba ta sake juyowa ba sai Gidan Rumji.

Hanyar Yamai ba ta ƙarewa. A Madawa 'yan talla suka yi ta cuso kilishi ta taga, Gwaggo ta taya ɗaya, da ta ji kuɗin ta ce wa mai shi ko da saniyar yake sayarwa. A Galmi warin albasa ya shigo motar tun kafin mu ga buhunan. Muka buɗe ƙullinmu na dambun nama da ƙuli, muka ci kaɗan. Yaya ta ƙi shan ruwa. Sai daga baya na gane dalili: ba ta son a tsaya ta sauka wannan matakala don fitsari. A Ƙonni dole ta sauka. Ban-ɗakin tashar na tsugunno ne, ita kuma ba ta iya tsugunnawa, sai na tsaya a gabanta ta riƙe kafaɗuna. Har yanzu akwai shatin yatsunta a jikina.

Duk shingen jandarmomi sai a sauke mutane a duba katin ɗan ƙasa. Wani jandarma ya leƙo ya ga ƙafafunta ya ce ta yi zamanta. Wani kuma bai duba ba, sai da ta sauka. Bayan Dogon Dutsi na daina kallon hanya. Wuyana ya ƙage, bakina ya yi ɗaci, jaririn da ke bayanmu ya gaji da kuka ya yi barci. Mun wuce Doso rana ta yi ja, mun shiga Yamai an yi isha. Matar wani kawunmu ta tarbe mu da dambu da zogale, wanda can suke kira kopto. Loma kaɗan na yi na kwanta da kayan jikina.

Washegari muka je asibitin. Yamai ruwan leda ma ya fi namu tsada, kuma mai taksi ba ya tsayawa jin ciniki. Muka zauna a wani dogon benci tun hantsi. Kowa a wurin yana rungume da babban ambulan. Akwai wani tsoho da ake zuba wa koko da cokali, da wata mata da ke ta gyara wa mijinta hula tana zamewa. Galibi zabarmanci ake yi, Gwaggo kuma tana amsa wa kowa da Hausa kamar sun ji.

Da aka kusa zuwa kanmu wata ma'aikaciya ta fito da takarda tana tambaya da faransanci. Ko akwai ƙarfe a jikin mara lafiya? Na ce babu. Ta ɗaga ɗankwalin Yaya, ta ga zobban nan jere, ta dafe kai. Ta ce na'urar babban maganaɗisu ce, tana fizgar ƙarfe, kuma kai za a ɗauka. Dole a cire komai, har kwallin ido a wanke.

Na fassara wa Gwaggo. Ta ce, "Kai? Ke ɗiyar nan, kin dai ji da kyau? Ce mata ƙafa muka kawo."

Na faɗa wa matar. Ta ce ta sani, amma kai likita ya rubuta, da gadon baya. In ba mu shirya ba kafin mutum biyun da ke gabanmu su fito, sai a ba mu wata rana a sati mai zuwa.

Makitsiyar Dakoro ta iya aikinta, ta matse zobban da haƙori har sun nutse cikin gashi. Ba sa fita sai an tsefe. Muka zaunar da Yaya a ƙasa, ni ta dama, Gwaggo ta hagu. Ba mu da tsinken tsifa. Matar nan mai gyara hula ta ciro nata daga jaka, ta durƙusa ta kama tsakiya ba tare da ta tambaye mu ba. Ba ma jin yaren juna, sai hannu kawai ke aiki. Farcena ya karye. Gwaggo na tsifa tana mita, wai kitson da aka wuni ana yi, ko kwana uku bai yi ba. Yaya kuwa idonta na kan ƙofa. Na san abin da take tunani: in aka ɗaga mu, Gwaggo ba za ta zauna sati a Yamai ba, gida za mu koma hannu wofi. Muna cire na ƙarshe aka kira ta. Aka kwance layar ƙugunta mai ɗan fil, na goge mata kwalli da bakin mayafina, ta shiga da gashi a tsaye.

Ta gilashi na hango an kwantar da ita, an sa mata wani abu kamar kwando a ka. Ƙafafun nan da aka sha wahalar yi wa lalle, bargo aka ja aka rufe su. Gadon ya shige da ita cikin rami. Ƙarar na'urar kamar ana sakwara a turame da yawa lokaci guda. Gwaggo ta ciro carbi. Ni na jingina da bango, sai farkawa na yi na ga Yaya na fitowa tana cewa kunnuwanta sun toshe.

Sai bayan kwana biyu muka ga likitan jijiyoyi. Hausarsa ta gaisuwa ce kawai, don haka komai ta bakina ya bi. Ya ƙwanƙwasa gwiwar Yaya da ɗan guduma, ƙafar ta yi tsalle. Ya daɗe yana kallon tabon ƙwaurinta. Sannan ya tambaya ko Baba da Inna 'yan uwa ne. Na ce ɗan wa da 'yar ƙane ne. Ya ce akwai wani a dangi mai irin wannan tafiya?

Na juya na faɗa wa Gwaggo. Ta ce, "Ce mishi babu. Mu gidanmu ba mu da wannan."

Na san dalilinta. Akwai 'yan mata da yawa a gidanmu, kuma in magana ta fita cewa abin na jini ne, mutane za su fara ja da baya. Amma na san Baffa ƙarami da ke Kornaka, wanda ke dogara sanda tun yana saurayi, ana cewa faɗowa ya yi daga kan doki. Takalminsa ma gabansa ke cinyewa. Na sha gani a bakin zaure. Na dubi Yaya, ta dube ni. Na sunkuyar da kai na faɗa wa likita maganar Baffa da faransanci.

Gwaggo ba ta jin faransanci, amma ta ji Kornaka. Ta ranƙwashe ni a ka a gaban likita. Shi dai ya ci gaba da rubutu.

Ya kunna hotunan a allo. Ban taɓa zaton cikin kan mutum haka yake ba, kamar an raba gyaɗa biyu. Ya ce ƙwaƙwalwa na da toka-tokan sashe a waje da farin sashe a ciki. Farin nan hanyoyi ne da ke ɗaukar saƙo, wasu daga ka har ƙafa. Ya nuna wata 'yar gada da ta haɗa ɓangarorin biyu, ya ce ta Yaya ta fi yadda ya kamata sirancewa. Ya nuna wasu tabo biyu masu haske a gaba, kamar 'yan tukkaye. Ya ce ƙafafunta lafiyarsu lau, saƙon ne ba ya isa daidai. Hoton kaɗai ba ya yanke hukunci, akwai gwajin jini da ba a yi a nan, amma da abin da ya gani da abin da na faɗa, ciwon gado ne mai sandarar da ƙafafu. Ba iska ba ne, ba kuma laifin kowa ba.

Yaya ta yi magana karo na farko, da faransancinta da ya fi nawa. Ta ce zai warke? Ya ce a'a, kuma yana iya ƙaruwa a hankali. Amma akwai maganin da ke rage sandarewar, da miƙe ƙafa kullum safe da yamma, da sanda mai kyau. Ya ce lise ba ta fi ƙarfinta ba. Game da ƙarfe mai zafi kuwa, ya ce in faɗa wa mai gidanmu kada a sake. Ni ma ya sa na yi tafiya a kan dugadugai zuwa ƙofa na dawo. Ya ce bai ga komai ba yanzu. Wannan "yanzu" ta biyo ni har mota.

Dawowar ba ni da abin faɗa a kanta. Hanya ɗaya ce, matakala ɗaya, sai dai yanzu Gwaggo ba ta yi mini magana. Ko ruwa za ta ba ni sai ta miƙa wa Yaya. Yaya ta rungume ambulan ɗin a ƙirji tun daga Yamai, ba ta yarda an sa shi a kaya ba. Mun taso tun cikin dare, mun iso Dakoro da la'asar, ƙafafuna sun kumbura, kaina na sarawa.

Baba na zaune a tsakar gida yana gyara ƙotar hauya. Bayan gaisuwa ya ce, "To, mi aka gani?"

Gwaggo ta riga kowa. "A ƙafa dai ba su ga komi ba. Shi da kanshi lokotoron ya ce ƙafa lafiya lau."

Gaskiya ta faɗa, kuma da wannan gaskiyar za a koma Ɗan Gulbi. Ni ban taɓa yin magana mai tsawo gaban Baba ba. Na durƙusa, na karɓi ambulan, na zaro hoton na ɗaga shi wajen rana. Na nuna masa gadar, na nuna tukkayen, na faɗi duk abin da likita ya ce, har wanda ba shi da daɗi, har maganar Baffa. Ya daɗe yana kallo. Ya tambaye ni sau biyu ko likitan ya ce ba ya warkewa. Sannan ya ajiye ƙotar ya dubi Gwaggo, yayarsa, ya ce, "Yaya, abin da ke cikin kai, ƙarfe a ƙwauri ba ya kai mishi. A bar yarinyar nan haka." Gwaggo ta tashi ta shige ɗaki. Yayata kuwa ta kifa kai a gwiwa, kafaɗunta na motsi.

Tafiyar nan ba ta kawo mana waraka ba, kuma har yau gajiyarta ba ta sake ni ba. Abin da na koyo shi ne inda ciwo ke nunawa ba lallai nan yake zaune ba, kuma sanin sunan abu yana hana a ƙara wa mai shi wata wahala. Na kuma gane shirun da nake yi ba kullum ne ladabi ba.

Kullum kafin in tafi lakwal, makarantarmu, nakan shimfiɗa tabarma in miƙe wa Yaya ƙafafu yadda aka nuna mana. Shekaranjiya na makara, na fito ina sauri, sai na tarar da Gwaggo zaune a bakin tabarmar, dugadugan Yaya a cinyarta. Ba ta kalle ni ba. Ta ce, "Ke mai bakin nasara, zo ki gwada mini ta ina ake lanƙwasa abin nan, kar in karya musu ɗiya."