Ban haukace ba, maleriya ce ta hau mini ƙwaƙwalwa

Assalamu alaikum. Na daɗe ban ce uffan a nan ba. Wasunku sun ɗauka kunya ce ta ɓoye ni. Akwai kunyar, amma ɓacin rai ya fi ta yawa.

Wanda ya san ni a Illo ya san tafinta ne ni. Ɗan kasuwa ya ƙetaro daga Benin da Faransanci ko Dendi, Bafulatani ya zo da shanunsa, ni ke tsayawa tsakani in juya magana. Ba ni da rumfa, ba ni da jari, sai kaina da bakina. Ranar da aka daina yarda da hankalina, ranar na tashi daga aiki.

Mu biyu muke sana'ar, ni da aminina. Ba zan faɗi sunansa ba. Tare muka tashi, kwano ɗaya muke ci, ni na koya masa gaisuwa da Faransanci.

Da damina ciwon ya fara. Ciwon kai, sanyi, ɗacin baki. Na sayi ƙwaya a kemis na haɗiye na koma kasuwa, kamar yadda kowa ke yi. Ana cikin cinikin wani sa na ji muryoyin mutane suna nisa da ni. Iyakar abin da na sani ke nan.

Sauran, labari aka ba ni. An ce na faɗi ina jijjiga, na farfaɗo ina surutai, in fara da Hausa, in faɗa Fillanci, in ƙare da Faransanci.

Aminina ya kai ni gida, ya ce wa mahaifiyata, "Inna, wanga ba ciwon asibiti ba na. Ba ki ji baki nawa ka magana cikinai ba? Iskoki na."

Inna tsohuwa ce, tsoro ya kama ta, ban ga laifinta ba. Amma shi fa? Shi da ya san da harsunan nan nake cin abinci?

Aka ɗora ni a mashin zuwa wani ƙauye a ƙetaren iyaka, wurin mai maganin iska. Aka ɗaure mini ƙafa a turke, ana ta banka mini hayaƙi. Har yau shatin igiyar yana nan. A wurin ne aminina ya ciro waya ya ɗauke ni bidiyo, ya watsa.

Yayata Hauwa tana aure a Sharabi. A wayar maƙwabciyarta ta ga ƙaninta ɗaure kamar akuya. Ta ɗauko shatar mota ta zo, ta ɗora hannu a goshina.

"Jikinai wuta, kuna ce mini iska? Ku kwance shi."

A asibitin Bagudo aka ɗebi jini, aka ce mu wuce Birnin Kebbi maza. Can aka sa mini ƙarin ruwa da allurai ta jijiya, aka zuƙi ruwa a gadon bayana don a tabbatar ba sanƙarau ba ne. Jinina ya yi ƙasa, mijin Hauwa ya ba ni nasa. Tumakinta da shinkafar da ta aje duk suka tafi a magani.

Da na dawo hayyacina likitar da ke duba ni ta ce, "Maleriya ce ta kai ƙwaƙwalwa. Ba hauka ba ne. Da an ƙara jinkiri, da wani zancen ake." Da ta ji sana'ata ta yi murmushi, ta ce kalmar Turancin da suke laƙaba wa wannan ciwo, wato "cerebral", da ita Turawa ke kwatanta mai zurfin tunani. Ban iya dariya ba.

Tsoro nake ji. Na kalli kofi a gefen gado na nemi sunansa da Dendi na rasa. Na juya fuska bango na yi kuka, don kada Hauwa ta gani. A hankali kalmomin suka riƙa komowa. Ina lissafa sunayen kayan ɗakin ɗaya bayan ɗaya, ita tana gyara mini.

Aminina bai taka asibitin ba. Sai da na koma gida ya zo da ledar lemu.

"Wallahi don a taya ka da addu'a na tura," in ji shi.

Na riga na ga bidiyon. A ƙarƙashinsa ya rubuta "Tafinta ya zare", da hoton fuska mai dariya. Na kuma ji yadda ya bi mutanen da nake yi wa aiki yana cewa kaina ya taɓu, su komo wurinsa. Na ce Inna ta mayar masa da lemunsa.

Ranar da na koma kasuwa, wani dattijon Bafulatani da na yi shekara da shekaru ina yi wa tafinta ya kira ni. Na yi murna. Na juya masa maganar mai saye tsaf. Ya gyaɗa kai, sannan ya waiga wurin wani da ke gefe ya tambaye shi a hankali, "Hakanan yac ce?"

Igiyar turke ba ta yi mini zafin wannan tambaya ba.

Na gode wa Allah da ya tashi kafaɗata. Na gode wa Hauwa da mijinta, da likitar, da nas-nas ɗin da suka yi ta juya ni a gado. Na warke, harsunana huɗu suna nan. Yardar mutane ce har yanzu ba ta warke ba.

Ku kwana cikin gidan sauro. Zazzaɓi ya zo, a yi gwaji kafin a haɗiyi ƙwaya. In mai zazzaɓi ya fara jijjiga ko surutai, a nufi asibiti, addu'a ta biyo mu a hanya.

Mai bidiyon nan a wayarsa, don Allah ya goge.

In kuma ɗan'uwanka ya faɗi a gabanka, aje wayar, ka fara taɓa goshinsa.